Shamuwa ta sauka a kan rufinki? Ba yaronki fensir, karɓe danƙon

Uwargida, damina na ƙaratowa a Magami da kewayen Gusau, Tsafe da Bunguɗu, za ki ga shamuwa na jigilar kirare zuwa kan bishiyar tsakar gida ko kan rufin ɗaki. Daga kudancin Afirka take tasowa, can wajen Zambiya da Zimbabuwe, ta zo nan ta yi ƙwai 2 ko 3, ta ƙyanƙyashe, ta koma idan ruwa ya ɗauke. Fara da tsutsa ne abincinta, don haka manomi ba ya korar ta.

Ba ita kaɗai ke zama a gininmu ba. Tsattsewa na manna sheƙarta a ƙarƙashin gada da barandar masallaci, wata da laka, wata da gashi da yawunta. Mujiya kuwa, da ake wa kallon mugun abu, ɓerayen rumbunki take kamawa.

A wannan zamani da hankalin uwa ba ya kwanciya idan yaro ya yi nisa da gida, ga abin yi a tsakar gida. Ba shi fensir da tsohon littafin rubutu, ya zana abin da ya gani. Tambaye shi: cikin shamuwa fari ne ko baƙi? Ina ja yake a ƙafarta? Sai ya natsu ya duba kafin ya gane cewa cikin fari ne, jan kuma a gwiwa da yatsu yake. Ya rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane. Sana'a ce babba: littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma da Nik Borrow da Ron Demey suka fitar a 2001, Borrow ne ya zana hotunansa, kuma a Jos akwai cibiyar APLORI mai horar da masu nazarin tsuntsaye.

Zanen na da wata fa'ida ga lafiya: daga nesa ake yin sa. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya tun 2006, don haka kada yaro ya taɓa mushen tsuntsu, ko ƙwai, ko kashinsa. In za ki share busasshen kashi, yayyafa ruwa tukuna, ki rufe hanci, sannan ki wanke hannu da sabulu. Ruwan saman farko da ya wanke kwanon rufi, bar shi ya zube kafin ki tara. Wanda za a sha kuma, a tafasa.

Sheƙa kuwa a bar ta har 'ya'yan su tashi.