Kafin a buga ƙusar ƙarshe: abin da ake jira daga sabon jirgin lilo na katako

A ranar 28 ga Yulin 2016, hukumar Kings Island, wani katafaren wurin shaƙatawa da ke garin Mason a jihar Ohio ta Amurka, ta sanar da cewa za ta gina sabon jirgin lilo na katako mai suna Mystic Timbers. Jirgin lilo shi ne taragan nan marasa rufi da ake ɗaure mutane a cikinsu, a ja su sama a kan siririn layin dogo, sannan a sake su su gangaro a guje, su yi ta hawa da sauka da shan kwana har su dawo tashar da suka baro. Wani ko kallonsa ba ya iya yi. Wasu kuwa sun mayar da hawansa abin sha'awarsu na rayuwa, har da ƙungiya gare su, American Coaster Enthusiasts, wadda aka kafa tun 1978.

Su waɗannan masoya, lokacin gini ya fi musu komai daɗi. Da zarar an fara sare itatuwa ana zuba kankare, sai su shiga leƙe ta bayan shinge, suna ƙirga ramukan ginshiƙai, suna ƙoƙarin gano inda layin zai bi. Da aka fito da alƙaluman Mystic Timbers, tsayi mita 33, tsawon layi mita 995, gudu kilomita 85 a awa, babu ko ɗaya da ya kafa tarihi. Duk mai auna jirgi da lambobi yana da dalilin taɓe baki, musamman a Kings Island, inda aka taɓa gina jirgin katako da ya ninka wannan a tsayi. Ni kuwa a ganina, ƙanƙantar lambobin ita ce alama ta farko cewa masu wurin sun koyi darasi. Domin a gane haka, sai an san yadda abin yake aiki.

Taragan ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan nauyinsu ne kaɗai ke tafiyar da su har ƙarshe. Duk ƙarfin da za su kashe a tafiyar a wannan hawan suka tara shi, shi ya sa babu tudun da ke gaba da zai kai na farko tsayi, tunda iska da gugar tayoyi suna ta rage musu ƙarfi. Lissafin ba wuya: abin da ya faɗo daga tsayin mita 30 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 87 a awa. Gangarar farko ta Mystic Timbers mita 30 ce, gudunsa kuma 85, sauran biyun guga ta cinye. Wani abin lura shi ne gudu ba ya ƙaruwa daidai da tsayi. Mai son ninka gudu sau biyu sai ya ninka tsayi sau huɗu. Amma ƙarfin da tarago ke matsa layi da shi a kwana yana ƙaruwa da sauri ƙwarai: in gudu ya ninku sau biyu, matsin ya ninku sau huɗu. Ƙarfe yana iya haƙuri da wannan shekara da shekaru. Katako kuwa yana da iyaka.

Shi layin, ba gungume ba ne guda. Allunan katako ake jerawa wani kan wani, kusan hawa takwas, galibi na wani irin icen fir ko fain da ake samu a Amurka, a lanƙwasa su a wurin ginin, a ɗinke su da ƙusoshi da notina, sannan a shimfiɗa falalen ƙarfe siriri a inda taya za ta taka. Allunan sama sun fi na ƙasa faɗi, suna da ɗan leɓe da ya fito. Tayoyin tarago kuma kashi uku ne: masu gudu a bisa layi, masu riƙe gefe don kada ya kauce a kwana, da waɗanda ke kama ƙarƙashin leɓen nan don kada ya yi sama. Injiniya John Miller ne ya yi wa wannan dabara ta ƙarshe rajista a 1919, kuma ita ta buɗe ƙofar gina gangara mai tsauri. Ita ce ke ba da abin da masoya suka fi nema, wato 'yan daƙiƙun nan da tarago ke wuce kan tudu da sauri, ya yi ƙasa kafin jikin mutum ya biyo shi, mutum ya ji ya ɗaga daga kujera, sandar cinya kaɗai ke riƙe da shi. Masu Mystic Timbers sun yi alkawarin irin wannan ɗagawa har sau 16.

Katako abu ne mai motsi ko bayan an sare shi. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta katako ke ƙin rufuwa da damina, ta saki da rani, ya san wannan. Haka jirgin yake kumbura da laima, ya tsuke da fari, ya ɗan risina in tarago ya bi ta kansa, ya koma daidai. Wannan risinawa da gangan aka bar ta a zane, don ita ke shanye bugun. Ita ce kuma ta sa hawan safe ya bambanta da na dare, lokacin da man tayoyi ya ɗauki zafi jirgin ya ƙara gudu. Masoyan katako suna cewa jirginsu yana da rai, kuma ba su yi ƙarya ba sosai. Sai dai wannan rai yana da tsada. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, kafintoci ne ke taka layin da ƙafa, suna duba noti da ya saki, ƙusa da ta ɗago, allo da ya tsage. Da hunturu, in an rufe wurin, sai a ɓamɓare sassan da suka gaji a sa sababbi. Ba a sa hoton waɗannan kafintoci a talla, alhali su ne za su yanke hukuncin ko jirgin zai yi daɗin hawa bayan shekara goma.

Kings Island ta ga duka fuskokin katako biyu, na nasara da na faɗuwa. A 1979 ta buɗe The Beast, wato Dodo, wanda injiniyoyinta na cikin gida, Al Collins da Jeff Gramke, suka zana da taimakon tsohon gwani John Allen. Tsayinsa bai fi mita 34 ba, amma sun bi kwarin da ke cikin dajin wurin, suka bar ƙasa ta ba su gangara maimakon su tara katako sama. Layin ya haura mita 2,200, tafiyar ta wuce minti huɗu, ta ratsa ramuka masu duhu, kuma har yau babu jirgin katako da ya fi shi tsawo a duniya.

Shekara 20 bayan haka, a 1999, lokacin wurin yana hannun kamfanin Paramount, aka sanar da Son of Beast, ɗan Dodo. An zuzuta shi ƙwarai kafin a gama shi. Tsayi mita 66, gudu kilomita 126 a awa, ga kuma wani zobe da zai juya mutane kai ƙasa ƙafa sama, abin da ba a saba gani a katako ba a wancan zamani. Shahararren injiniyan Jamus Werner Stengel ne ya yi zanen. Tun ana gini aka samu saɓani tsakanin masu wurin da kamfanin da ke aikin, har magana ta kai kotu. An buɗe shi a 2000, kuma ba a daɗe ba ya yi suna wajen jijjiga mutane. Dalilin yana cikin lissafin da muka yi a sama: a kwana iri ɗaya, taragon da ke gudun 126 yana matsa layi fiye da ninki biyu na mai gudun 85, ga shi taragan nasa masu nauyi ne.

A ranar 9 ga Yulin 2006, wani ginshiƙi ya tsage, layin ya ɗan lotsa, taragon da ya biyo baya ya yi mummunan karo da wurin, aka kai mutum 27 asibiti. Ma'aikatar gona ta Ohio ce ta yi binciken, domin a wannan jiha ita ke da alhakin duba kayan lilo, abin da ya samo asali daga bukukuwan baje kolin amfanin gona inda ake kafa su. Aka cire zoben, aka kawo taragai marasa nauyi, aka sake buɗewa a 2007. A 2009 aka rufe shi bayan wata mata ta ce ta ji rauni a kai, kuma bai sake gudu ba. Aka rushe shi a 2012, aka gina jirgin ƙarfe mai suna Banshee a gurbinsa, aka kafa wa Son of Beast ɗan dutsen tunawa a hanyar da mutane ke bin layi. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Wannan ɗan bai cika shekara goma yana aiki ba, uban kuwa ya haura 40 yana nan. Har yau babu wanda ya sake kai katako mita 66. Mafi tsayi da ke aiki, irin su Wildfire na ƙasar Siwidin, a mita 56 suka tsaya.

Saboda haka da Kings Island ta koma ga katako a 2016, sai ta ɗauko Great Coasters International, kamfanin jihar Pennsylvania da aka sani da jirage masu bin ƙasa-ƙasa, masu yawan kwana da ƙananan tuddai a jere. Taragansu kowanne kujerar mutum biyu ce kawai, an haɗa su da gaɓoɓi, don haka jerin yana lanƙwasa ya bi layi maimakon ya yi ta dukansa. Wannan yana rage wa katakon wahala, ya rage wa bayan mai hawa.

To amma me za a tallata, tunda babu tarihin da za a kafa? Sai masu talla suka ƙirƙiro wata tambaya. A ƙarshen layin akwai wata rumfa rufaffiya, kuma kusan wata tara suka yi suna tambayar jama'a abin da ke cikinta ba tare da sun ba da amsa ba. Masoya suka yi ta hasashe. Wasu suka ce layin zai rufta da tarago zuwa ƙasa, wasu suka ce za a harba shi da baya. Da aka buɗe a ranar 15 ga Afrilun 2017, sai aka tarar tarago yana tsayawa ne kawai a kan birki, wata tsohuwar rediyo tana kiɗa, sannan a haska hoton jemagu ko macizai ko wani dodon itace a bango. Waɗanda suka ƙwallafa rai sun fito suna guna-guni. Gaskiyar magana, rumfar maganin wata matsala ce ta yau da kullum: jirgin yana da jerin taragai uku, dole wanda ya gama tafiya ya jira a sallami na gabansa daga tasha, sai aka rufe wurin jiran aka sa masa abin kallo. Dabara ce mai kyau, tallar ce ta yi mata nauyi. Shi kuwa layin, wanda ba a yi surutu a kansa ba, shi ya ciyo wa wurin kyautar sabon jirgi mafi kyau ta 2017 daga jaridar Amusement Today.

Yanzu mai jiran sabon jirgin katako yana da wata tambayar da ta fi ta tsayi: nawa ne katakon a cikinsa? Kamfanin Intamin ya fara yanka layi da inji a masana'anta, a kawo shi gunduwa-gunduwa a harhaɗa, kamar na El Toro da aka buɗe a New Jersey a 2006, wanda santsinsa ya kusa na ƙarfe. The Voyage na jihar Indiana, shi ma na 2006, ginshiƙansa ƙarfe ne amma layinsa katako, kuma ana lissafa shi cikin na katako, domin abin da taya ke takawa ake dubawa. Rocky Mountain Construction na jihar Idaho ya zo da akasin haka, yana ɗora layin ƙarfe a kan tsohon gini na katako, kamar yadda ya yi wa Texas Giant a 2011. Masu ra'ayin riƙau suna ganin in jijjiga da ƙara suka tafi, abin ya tashi daga katako ko da an ga itace ko'ina. Masu biyan albashin kafintoci kuma nasu lissafin daban. Ita Kings Island ta zaɓi ta riƙe Dodo a yadda yake: kafin kakar 2022 ta sa kamfanin The Gravity Group ya sabunta kusan mita 600 na layinsa da katako, aka ƙara wa gangarar farko tsauri daga digiri 45 zuwa 53.

Ba kowa ne ya iya riƙewa haka ba. Dollywood da ke jihar Tennessee ta buɗe Lightning Rod a 2016 da kirarin jirgin katako na farko da maganaɗisu ke harbawa sama maimakon sarƙa, mai gudun kilomita 117 a awa. Ya sha yabo daga waɗanda suka samu hawa, ya kuma sha rufewa saboda gyara. Kafin kakar 2021 aka maye fiye da rabin layinsa da ƙarfe, a 2024 kuma aka cire na'urar harbawar aka sa masa sarƙa irin ta kowa.