Naƙasassu da ƙofar gidan wasa: abin da doka ta tanada

A garuruwan arewa maso yammacin jihar Jigawa, kamar Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Ɓaɓura, da Kazaure da Roni da Gwiwa, akasarin wasannin kwaikwayo da tarukan al'adu ana yin su ne a dandali, ko ɗakin taro na makaranta, ko kuma ƙananan gidajen kallo na unguwa.

Sai dai ga gurgu, ko dattijon da ke dogara sanda, ko wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa kallon yakan ƙare ne tun daga bakin ƙofa.

Batun yana da muhimmanci a wannan yanki, domin Jigawa da Kano na cikin jihohin da cutar shan inna ta fi yi wa ɓarna, musamman bayan dakatar da rigakafi a wasu jihohin arewa a shekarar 2003. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020, amma yaran da ta naƙasa a wancan lokaci yanzu sun zama magidanta da matan aure.

Me doka ta ce?

A shekarar 2006 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu, wadda Najeriya ta tabbatar da amincewa da ita a 2010. Sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci gidajen wasan kwaikwayo da sinima da gidajen tarihi a cikin wuraren da ya wajaba a sauƙaƙa wa naƙasassu shiga.

A watan Janairun 2019 kuma shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024.

Ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Haka nan ta haramta wa jami'ai amincewa da zanen ginin jama'a da bai yi tanadi domin naƙasassu ba.

Ita kanta Jigawa ta yi suna a 2007, lokacin da gwamna Sule Lamido ya fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 duk wata. To amma alawus daban, samun hanyar shiga cikin jama'a daban.

Ina matsalar take?

Cikas na farko shi ne dokin ƙofa da matakala. Magina kan ɗaga su ne domin kare ɗaki daga ruwan damina, amma tudun da bai wuce taƙi ɗaya ba ya isa ya tsayar da keken guragu.

Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, kowane santimita 1 na tudu yana buƙatar santimita 12 na gangara. Ke nan matakala 3 masu tsayin santimita 15 kowacce za su buƙaci gangara mai tsawon mita 5.4. Idan aka taƙaita ta, sai ta zama haɗari, domin keke na iya kifewa da mai shi.

Na biyu shi ne faɗin ƙofa, wanda ake so ya kai kamar santimita 90, da kuma filin juyawa na kimanin mita 1.5. A nan akwai abin lura: an tsara waɗannan ma'aunai ne domin kujerar guragu mai taya, alhali keken hannu mai ƙafa uku da aka fi gani a ƙasar Hausa ya fi ta tsawo, don haka ya fi buƙatar fili.

Sai kuma wurin zama. A Amurka, wadda ta kafa dokar naƙasassu a 1990, ƙa'ida ta wajabta wa ɗakin da ke ɗaukar mutum 51 zuwa 150 ya ware gurabe 4 na masu keke, kowanne da kujerar ɗan rakiya a gefensa. A ɗakin da ake jera benci, cire benci ɗaya a gaba ya wadatar.

Akwai kuma makewayi da wurin alwala, waɗanda idan babu ƙarfen dafawa da ƙofa mai faɗi, mutum kan gwammace ya zauna a gida. A dandali kuwa, yashi da taɓo su ne ke riƙe taya.

Ina mafita?

Akasarin waɗannan gyare-gyare ba su wuce aikin birkila da mai walda na gari ba, kuma sun fi araha idan aka sa su tun a zanen gini.

Akwai kuma darasi daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda tun a shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo suka riƙa fita da wasanninsu zuwa ƙauyuka, maimakon jiran jama'a su zo musu. Wasan tashe ma haka yake, gida-gida yake bin mutane a cikin watan azumi.

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Garuruwa da dama na da sarkin guragu da ƙungiyoyin naƙasassu, kuma su ne ya kamata a fara tuntuɓa kafin a zuba siminti, domin su gwada gangarar da kekunansu.

Haka kuma bai kamata a manta da dandamali ba, domin a cikin naƙasassu akwai 'yan wasa da mawaƙa da masu jawabi, waɗanda su ma suke buƙatar hanyar hawa.