Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Da Yadda Take Lissafi

Ka sani ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda Turawa ke kira firosesa, abu biyu kaɗai ta sani: akwai wuta ko babu. In akwai, 1 ke nan. In babu, 0.

Za ka ce, to yaya take gane harafi? Ka tuna hisabin abajada, alif ɗaya, ba biyu, jim uku. Haka aka yi mata. An ba babban A lamba 65, ita kuwa sai ta riƙe shi da 01000001. Aikinta kullum ɗaya ne: ta ɗauko umarni daga ma'ajiya, ta warware shi, ta zartar, ta koma ta ɗauko na gaba. Ba hankali gare ta ba, malam, sauri ne kurum.

Injin ENIAC da aka nuna a Amurka a 1946 yana da kwalaben gilashi masu kama da ƙwan lantarki kusan 18,000, nauyinsa wajen tan 30, kuma kwalaben sun cika ƙonewa. A 1947 aka ƙago transista, ɗan makunnin da wuta ce da kanta ke kunna shi ta kashe. Ana yinsa da silikon, wanda asalinsa yashi ne. A 1971 kamfanin Intel ya tara 2,300 a ɗan guntun da bai kai farce ba, ya sa masa suna 4004. Pentium na 1993 ya haura miliyan 3. M1 na Apple a 2020, biliyan 16!

Amma kada ka ɗauka ba ta kuskure. A 1994 wani malamin lissafi, Thomas Nicely, ya gano Pentium na kuskure a wasu lissafan rabawa. Da farko Intel ya raina maganar. Daga baya ya yarda ya canza wa mutane, abin da ya ci masa dala miliyan 475.

Wajen 2005 kuma zafi ya tare hanya, don gwargwadon sauri gwargwadon ɗumi. Sai aka koma jera ƙwaƙwalwa biyu, huɗu ko takwas a guntu ɗaya su raba aiki. Ɗumin nan da kake ji a bayan wayarka in ka daɗe kana kallon bidiyo, yawancinsa daga nan yake fitowa.