Majaujawar Salahuddin a Kan Taya Huɗu

Duk wanda ya taso a Alƙahira ya san Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin ya fara ginawa a 1176. An kai mu yawon makaranta, mun ɗauki hoto, mun dawo. Ni dai ban taɓa tambayar da me ake rushe irin wannan katanga ba, sai da ƙanena ya nace in haɗa masa motar rimot mai harba ƙwallo.

Mun sauka metro a tashar Muhammad Najib, muka taka zuwa Babul Luƙ, inda shagunan kayan lantarki suke. Abin da muka sayo: allon Arduino Uno, wanda shi ne ƙwaƙwalwar motar, L298N mai raba wa motocin tayoyi wuta, HC-05 da ke karɓar umarni daga waya ta Bluetooth, moton MG996R mai sakin kunama, sai batir 18650 guda biyu. Hannun harbin kuwa, cokalin katako ne na Mama da danƙo. Harsashi, ƙwallon tebur mai nauyin giram 2.7.

Baba na shigowa ya gani, sai ya ce, "Au, majaujawa kuke yi?" Ƙanena ya yi tsuru, bai taɓa jin kalmar ba. Da Larabci ya san manjaniƙ, amma da harshen gidansu babu. Wallahi abin ya taɓa ni. Daren nan na shiga karatu.

Ashe tarihin yana da tsawo. Girkawan Sirakus sun ƙera na'urar harbi tun shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya Girkawa da Rumawa suka riƙa murɗa jijiya da gashi su adana ƙarfi a ciki, wanda kusan shi ne aikin danƙonmu. Malaman sira sun ambaci manjaniƙ a kewayen Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan Hijira. Wajen 1187 kuma Mardi bin Ali al-Tarsusi ya rubuta wa Salahuddin littafin kayan yaƙi, a ciki har da manjaniƙ mai aiki da nauyi: a rataya kaya mai nauyi a gajeren ɓangaren itace, in ya faɗi sai dogon ɓangaren ya wulwula dutse. Wannan bayani yana cikin mafi tsufa da aka sani a kan irin wannan na'ura. A 1291 Sarki al-Ashraf Khalil ya tashi daga wannan gari namu ya kewaye Akka, kuma Abul Fida, wanda aka yi yaƙin da shi, ya rubuta cewa manjaniƙ ɗaya mai suna al-Mansuri sai da amalanke 100 suka ɗauke shi.

Mu koma falonmu. Harbin farko, ƙwallo ta daki ƙasa gaban motar. Dalili? Ƙwallo tana barin cokali ne a daidai inda ya tsaya, ta miƙe ta fuskar da cokalin ke kallo. In ya tsaya a tsaye cak, gaba kawai za ta yi ta faɗi. Muka matso da sandar da ke tare shi har ya riƙa tsayawa a karkace, wajen digiri 45. Nan take ta tsallake tabarma ta faɗa kicin.

Matsala ta biyu, motar na ɗaga ƙafa duk lokacin harbi. Muka mayar da batir inda take ɗagawa, nauyinsa ya danne ta. Ta uku ita ta cinye mana kwana biyu: da moton kunama ya motsa sai Arduino ya mutu ya farfaɗo. Ashe wutar da moton ke zuƙa ta fi ƙarfin layin bolt 5 na allon. Magani shi ne a ba shi wutarsa daban, a haɗa wayar ƙasa ta duka biyun wuri ɗaya. Ku riƙe wannan, zai rage muku ciwon kai.

Kada wani ya ce wasan yara ne fa. Gasar ABU Robocon ta ɗaliban jami'a, wadda aka fara a Tokyo a 2002, nan Alƙahira ta zo a 2010, inda na'urori suka yi tseren gina dala. A 2022 a New Delhi, jifa da ƙwallo aka yi. Lissafin kusurwa da nauyi da muka yi da cokalin Mama, shi ne dai suke yi da manyan kaya.

To 'yan'uwa na Hayyul Ashir da Madinat Nasr, hutu na zuwa. Ku nemi ƙannenku ku gwada, ku kuma kira kowane abu da sunansa na Hausa in akwai. Ƙanena yanzu har gyara wa abokansa yake yi: "Ba manjaniƙ kawai ba, mu majaujawa muke cewa." Cokalin Mama dai bai koma kicin ba, mun saya mata sabo.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.