Ragon Shanga Da Tukunyar Mutanen Lahor

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, nakan tsaya a bakin titin da ya taso daga Koko ya ratsa ƙasar Shanga zuwa Yelwa, ina kallon manyan motoci shaƙe da raguna sun nufi Kudu. Ga Uda, ga Balami, ga 'Yankasa, da yawansu matan karkara ne suka turke su watanni da dusa da harawa. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna wani malaminmu ɗan Pakistan.

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon shekarun 1980 makarantun sakandare na tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda aka ciri Kebbi daga cikinta a 1991, cike suke da malamai daga Indiya da Pakistan. Wata rana wannan bawan Allah, mutumin Lahor, ya aike ni wurin mahauta. Bai ce in sayo tsoka ba, sai ƙwaurin tsohuwar tunkiya da ƙasusuwa masu ɓargo. Mahaucin har da dariya, wai ashe baƙon namu talaka ne. Maiɗakin malamin ta soya albasa a man shanu, ta zuba naman da citta da kanumfari da kirfa da barkono, ta rufe tukunya, ta bar ta bisa garwashi tun bayan Isha'i har Asuba. Da gari ya waye ta kaɗa ɗan garin alkama a ciki don romon ya yi kauri. Wallahi naman da ya gagari haƙori jiya, da gurasa kawai muka riƙa yankarsa.

Sunan wannan girki nihari, daga kalmar Larabci mai nufin yini, domin da sassafe ake cinsa a Delhi da Lahor. Sirrinsa bai wuce ƙaramar wuta da haƙuri ba, don jijiya da guringuntsi sai sun daɗe a wuta suke narkewa su koma romo. Haka biriyanin Haidarabad yake: a jiƙa ɗanyen nama a kindirmo da kayan yaji, a shimfiɗa shi a gindin tukunya, a ɗora masa shinkafar da ba ta gama nuna ba, a liƙe murfin da kwaɓaɓɓen gari, tururi ya gama aikin. Mutanen Kashmir suna da rogan josh mai jan romo. Halim kuwa, na nama da alkama da ake tuƙawa da azumi, har rajista hukumar Indiya ta yi masa da sunan Haidarabad a 2010. Wani hanzari ba gudu ba, a can sau da yawa naman akuya ne ke maye gurbin na tumaki.

To, jama'a, me muka rasa a cikin waɗannan? Shinkafa tana fadamunmu, albasar Yawuri ba ta buƙatar talla, kindirmo da man shanu suna rugar Fulani. Daɗewa a wuta ma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san langaɓu da ragadada. Amma mun tsaya ga tsire da balangu, tsohuwar tunkiya kuwa mu sayar da ita a wulaƙance, alhali a gidajen abincin Indiyawa na Abuja da Legas irin wannan nama ne ake saye da tsada.

Ban ga laifin iyayenmu mata da ke soya naman layya har ya bushe ƙarau ba. Dabarar adanawa ce, kuma dole ce ta sa, tunda madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta cinye gonaki da ƙauyukan masarautar Yawuri, amma ƙauyukanmu da dama ba su ga wutar da za ta riƙe firji ba. Sai dai ƙwauri da wuya da ƙashi ba sa jin suya, su ne kuma akan tura wa almajirai ko a bar su su lalace.

Da Sallar bara na roƙi uwargida ta gwada. Ta yi ƙorafin gawayi, kuma tana da gaskiya, don ya yi tsada. Muka haƙa rami a tsakar gida, muka binne tukunyar ƙasa cikin garwashin da ya rage daga suya. Da hantsi maƙwabciyarmu ta aiko 'yarta da kwano, tana tambaya ko wane mahauci ne ya sayar mana da naman.