Kafin a buɗe wa 'yan lambu shafi, sai an ji ta bakin masu amfani da shi

Jama'a masu saurare, a shirinmu na wannan mako mun tattauna batun ƙungiyoyin noman rani da ke son buɗe shafin intanet domin lambunsu na haɗin gwiwa, wanda a Nijar ake ce wa garka. Kana iya cewa, ni da ke bin shanu ko nake saro kaya a bakin iyaka, ina ruwana? To, da ruwanka. Kai ne mai sayen albasa da tumatir da tattasai. Kai ne mai kawo taki, kuma burtalinka ne ya ratsa ta gefen fadama. In shafin bai yi maka amfani ba, an yi asarar kuɗin ƙungiya ke nan.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a fara gini sai an zauna da waɗanda za su yi amfani da abin, an ga wace waya ce a hannunsu, wane harshe suke karantawa, me suke nema. Daga nan a zana samfuri, ko da a takarda ne, a ba mutane su gwada, a gyara, a sake gwadawa. Kamar tela ne, sai ya auna ka kafin ya sa almakashi.

Ɗauki maganar farashi. A Maraɗi ko Ƙonni in an ce jika ɗaya, sefa 1,000 ake nufi, dala kuwa sefa 5. Ka tsallaka Jibiya ko Illela, jaka a bakin 'yan kasuwa naira 200 ce. To shafin da ya rubuta lamba tsirara, bai faɗa maka naira ce ko sefa ba, ai tarko ne. Haka awo: buhu ne, kwando ne, ko tiya? Buhun albasar Galmi na sabuwar cira ne ko wadda ta kwana a rumbu? Wanda ya zauna a ofis ba zai hango waɗannan ba. Ɗan kasuwa kuwa kallo ɗaya zai yi ya gane.

Sai waya. Da yawa daga cikinmu ƙaramar salula mai maɓalli muke riƙewa, kuma a bakin iyaka layi yakan ɗauke ko ya koma na ƙasar maƙwabta. Shafi mai manyan hotuna zai cinye maka kati kafin ya buɗe. Wani kuma ajami yake karantawa, wani Fulatanci ne a bakinsa, saƙon murya ya fi masa sauƙi. Dubi tsarin Garbal da ƙungiyar SNV da kamfanin Orange suka buɗe wa makiyaya a Mali a 2017. Bayanin ciyawa da ruwa daga tauraron ɗan'adam yake zuwa, amma makiyayi kira yake yi da ƙaramar wayarsa, mutum ya amsa masa da harshen da yake ji.

Gwaji ma yakan nuna abin da ba a zata ba. M-Pesa ta Kenya an fara gwada ta ne domin biyan ƙananan basussuka. Sai aka ga mutane suna ta tura wa juna kuɗi da ita. Masu ita suka bi abin da jama'a suka nuna, aka ƙaddamar da ita a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Kuma ba sai an tara gari ba: wani masanin fannin, Jakob Nielsen, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin shafi.

Ga makiyayi, abin ya wuce ciniki. In shafin ya bayyana ranar da za a gama kwashe amfani, da gefen da aka bar wa dabbobi su kai ga ruwa, da wanda za a nema in an yi ɓarna, an rage rigima tun ba ta taso ba. Amma ba za a sa wannan ba sai in akwai makiyayi a wurin zaman.

Saboda haka in an zo rugarku ko rumfarku da samfuri, kada kunya ta sa ku ce ya yi kyau. Ku karɓi wayar da hannunku, ku nemi farashin albasa na yau ba tare da an nuna muku ba. Inda kuka maƙale, ku faɗa, domin laifin na shafin ne, ba naku ba. Ku kuma tabbatar an ji ta bakin mata, don su ne ke riƙe da garake da yawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.