3.2 Matsayin Kiɗa a Fim Ɗin Conan the Barbarian

Wannan sashe zai dubi fim ɗin Conan the Barbarian, wanda John Milius ya ba da umarninsa, aka fitar a shekarar 1982. Marubucin nan ɗan Amurka, Robert E. Howard, shi ya ƙago Conan a mujallar Weird Tales tun 1932. Jigon fim ɗin ramuwar gayya ne: Conan, wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a matsayinsa, yana farautar matsafi Thulsa Doom, wanda ya fille kan mahaifiyarsa a kan idonsa.

Abin lura a nan shi ne ƙarancin magana. Kiɗan da Basil Poledouris ya tsara shi ke jan zaren labarin. Alal misali, a fitowar da aka ɗaure Conan yana tura wani katafaren injin niƙa, mai kallo zai ga ya tashi daga yaro zuwa ƙato ba tare da ya ce uffan ba; sauyin kiɗa da na yanayi su ke nuna wucewar shekaru.

Finafinan da suka bi sahunsa, kamar Deathstalker na 1983 da Red Sonja na 1985, sun kwaikwayi takobi da ƙwanji da tsafi, amma a ra'ayin mai wannan bincike, ba su ƙware a wannan dabara ba.